Injiniya Fu'ad da Man Ƙasar Ƙanƙara

Injiniya Fu'ad ɗan Zariya ne, mazaunin Gwarinpa. A shekarun da farar hula suka dawo mulki, kuɗi suka cika Abuja, yana aiki da wani kamfanin jigilar siminti ta jirgin ƙasa. Burinsa ɗaya ne a duniya: kujerar shugaban sashen taragai.

Kamfanin ya tura shi kwas na mako shida a wata ƙasa mai ƙanƙara, inda sanyi ke tsinke ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago. Tun da ya dawo, bawan Allah bai sake jin zafi ba. Ana tsakiyar watan Maris, kowa na fifita, shi yana cikin kwat, yana ba masinjojin ofis labarin ƙarfen da ke karyewa kamar rake.

Da kujerar ta faɗi, sai ya ga dama ta samu. Ya sa aka yi odar durom arba'in na man da ba ya daskarewa, ya ce a shafe kowace ƙugiya.

Malam Ilyasu, wanda ya shekara talatin yana haɗa taragai, ya shafa man a yatsa ya girgiza kai.

"Oga, mu nan a bushe muke barinta. Mai da garin siminti idan sun haɗu, dutse suke zama."

"Ka taɓa ganin ƙanƙara, Malam?"

"A'a, ranka ya daɗe. Sai ta cikin firji."

"To, a shafa."

Aka shafa. Bayan mako uku manyan kamfani suka zo ganin sabon tsari, aka kafa musu rumfa. Fu'ad ya yi jawabin minti arba'in kan sanyi, gumi na zuba daga haɓarsa. Kan jirgi ya ja da baya don a haɗa shi, ya daki tarago na farko, ƙarar ta yi daɗi, aka tafa. Amma makullin ƙugiyar ya cushe, bai faɗa ba. Direba ya yi hon ya kama hanya shi kaɗai, ya bar taragai goma sha takwas suna tsaye suna kallon baƙi.

Wallahi har na so in ji tausayinsa, sai na ji yana gaya wa shugaban kamfani wai matsalar ita ce yanayin Najeriya bai dace da man ba.

Kujerar dai wata injiniya Clara aka ba. Shi kuwa aka mayar da shi sito, kuma takarda ta farko da Clara ta aiko masa umarni ne ya nemo inda za a zubar da sauran durom talatin da bakwai.