Gonar da Na Kasa Nunawa

Shekarar da Baba ya rasu, ambaliya ta cinye fadamar ƙauyenmu ta wajen Auyo, ta shafe iyakokin gonaki kakaf. A wajenmu idan ruwa ya janye, bulama kan fito da dattawa, kowa ya tsaya a gonarsa ya nuna iyakarta, a sake kafa turaku. Wanda ya kasa, sai abin da maƙwabta suka faɗa.

Inna tana takaba, ba halin fita. Ta aika Haɗeja, inda nake makaranta, aka kira ni, tunda ni ne babba. Rabona da gonar shekara bakwai. Baba da kansa ya hana ni, wai hannun ɗan boko ba na laka ba ne.

A makon nan darasinmu na Faransanci a kan baƙon da ya ɓace a birni ne. Malam ya sa mun yi ta nanata *je ne le trouve nulle part*, wato ban same shi a ko'ina ba. Ni na fi kowa maki, har da tafi. To, ranar nuna iyaka, jimlar nan ce ta yi ta yi mini amsa-kuwwa a ka tun hantsi, ina cusa ƙafa cikin taɓo ina neman giginyar da na sani tun ina yaro. Ashe an daɗe da sare ta.

Baffa, ƙanen Baba, gonarsa na jikin tamu. Ya ce, "Ɗana, nuna mana mana, ai kai ne mai ilimin."

Na nuna. Gonar wani ce. Aka kwashe da dariya, har bulama ya kau da kai. Baffa ya karɓi turke ya ce bari ya taimaki maraya. Na ga rashin gaskiya a fuskarsa ƙarara, amma ban san taku nawa ya ci ba, balle in yi magana. Har godiya na yi masa, abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan.

Da na koma gida, Inna ta ce, "Rijiyar da babanka ya haƙa dai tana ɓangarenmu ko?"

Na ce, "Wace rijiya?"

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Ranin nan Baffa ya ɗora injinsa a kanta ya yi shinkafa, mu kuma muka koma awo a kasuwa.