Cin Ranin da Bai Ƙare Ba

Jiya wayata ta yi ƙara, ɗana ne ya turo kuɗi daga Legas. Sai Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

A zamaninsa, ɗan cin rani da ƙafarsa yake kawo abin da ya samo, ruwan farko na sauka ya ɗauki fartanya. Da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonar Baffa a Maradun, babban ɗansa ya tafi kudu, kuma babu shukar da za ta dawo da shi. Sai dai saƙo, ta hannun wani direban Talata Mafara.

Wata ranar kasuwa na raka Baffa tasha. Bayan doguwar gaisuwa, direban ya miƙa masa ƙullin tsumma. Bai kwance ba, sai ya kai hanci ya shinshina, yadda ya saba. Ƙarnin kifi ne da warin fetur.

"Har yau shina wurin masu kihi ke nan," in ji Baffa. "Ya ce yaushe za shi taho?"

"Bai ce ba, Baba. Amma na bana ya fi na bara kauri."

"Ba shi nat tambaye ka ba."

Kowace shekara ƙullin na ƙara kauri, zuwa gida na raguwa. Har Baffa ya rasu, cewa yake yaron ya tafi cin rani.

Na sake duba wayar, babu abin shinshinawa. Allah ya jiƙan Baffa, ya kuma tuna wa yaranmu cewa damina ta sauka.