Ɗigon Jan Farce a Sifikar Kawu

A ɗakin mahaifiyata, ƙarƙashin teburin da nake ajiye hotunan gidanmu da tsofaffin kasa-kasai, akwai wata baƙar sifika mai mariƙi a sama kamar jaka. Maɓallan murɗawa uku ne a goshinta: na ƙara, na kaurin sauti, da na kaifinsa. A gefen na ukun akwai ɗigon jan farce da ya bushe har ya fara tsagewa. Duk yaron da ya shigo ɗakin sai ya so ya kankare shi, ni kuwa in buge masa hannu. Na ga gara in rubuta dalili tun da sauran masu gyara mini in na yi kuskure.

Sifikar ta Kawu ce, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Mai walda ne, 'yan layinsu kuma Tartsatsi suke ce masa. Ƙofofi da tagogi yake haɗawa a wani shago mai rufin kwano, inda injin yankan ƙarfe ke ihu daga safe har yamma. Idonsa kam yana karewa da baƙin gilashi, har yakan yi wa maƙwabtansa faɗa in sun kalli wuta. Kunne kuwa bai taɓa zaton abin karewa ne ba.

Tun yana saurayi ya kamu da son kiɗan Turawa da ake kira rok, daga wani kaset da ya tsinta cikin rediyon da ya saya na hannu. Ya koyi jita shi kaɗai, da yatsun nan nasa masu kanta. Daga baya shi da abokansa suka haɗa ƙungiya, suna wasa kowace Asabar da yamma a farfajiyar wani tsohon gidan silima. Masu zuwa kallo ba su da yawa, amma ba sa fashi: kanikawa, ɗalibai, direbobi, da wani tsohon malamin makaranta mai zuwa da kujerarsa.

Sai da na girma na gane cewa masu son wannan kiɗa ba tsabtar sauti suke nema ba. Suna so jita ta yi gurnani, ta yi kaushi, ka ji ta a ƙirjinka. Amma akwai kaushin da ke da ɗumi, akwai mai soka. A na farkon Kawu ya yi suna. Ina da kaset ɗin wasansu na wancan lokaci, in na saka sai in ji kamar babbar mota ce ke hawan tudu a natse.

Ina kuma da kaset na baya. Wannan ba na iya kai shi ƙarshe.

Abin bai zo rana ɗaya ba. Kawu ya fara ƙorafin cewa jitarsa ta dushe. Ya canza tsirkiya, ya ce har yanzu. Ya kwance sifikar ya baje cikinta a tabarma, ya hure ƙura, ya sake liƙa wayoyi, ya mayar. Ya ce kayan yanzu duk jabu ne. Mutum ne da ya saba in abu ya lalace a nemi inda ya tsage a ɗinke, don haka ya bincika ko'ina, ban da jikinsa. Da ya rasa laifin, sai ya riƙa murɗa maɓallin kaifi, yau kaɗan, wani satin ya ƙara, har ya kai shi bango. A nan ne yake jin jitarsa kamar da.

Mu kuwa muna jin wani abu dabam. Wani kanike ya ce kamar an kulle sauro a gwangwani an ba shi lasifika. Wata ɗaliba ta ce haƙoranta ne ke mutuwa, kamar ana goga cokali a faranti. Tsohon malamin kuwa, kujerarsa ta riƙa ja da baya kowace Asabar, har ta kai bakin ƙofa. Idan Kawu ya zo wurin da zai yi kiɗi shi kaɗai, ya rufe ido ya ɗaga kai, lokacin ne mutane ke tuna suna da uzuri a waje. Shi da ya buɗe ido ya ga benci ya yi fili, sai ya ce yaran yanzu ba su san kiɗa ba.

Na je hutu gidan su Kawu ke nan mai gangar ƙungiyar, abokin Kawu tun ƙuruciya, ya zo wajen mahaifiyata, ita ce ta ba ni labari daga baya. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, “Yaya, ƙaninki zai kashe mu.”

“Me ya yi?”

“Ba ya ji, Yaya. Wallahi ba ya ji. Mai gidan silima ya ce ko mu canza mai jita ko mu nemi wani wuri. Mun ma sami wani mai jitar. Asabar ɗin nan ce ta ƙarshe, in ba a ga canji ba.”

“To ku gaya masa mana. Ba ku ne 'yan rok ba, masu ihu?”

“Ihu a kan dandali daban ne. Na ce masa ya rage kaifi, ya ce ni da ke dukan fata me na sani a kan sauti. Ke ce babba, ke zai ji.”

“Kai ma ka ce ba ya ji,” in ji mahaifiyata. Suka yi dariya.

Mahaifiyata ta san halin ƙaninta. In ka ce masa ga aibinsa, zai ajiye jitar har abada don kada a ce an kore shi, kuma Kawu ba shi da wani abu a duniya da yake yi don kansa sai wannan Asabar ɗin. Saboda haka ta kai maganar wurin matarsa, wadda muke ce wa Anti. Tela ce, mace mai ƙarancin magana, kuma a iya sanina ba ta taɓa son kiɗan rok ba. Tana zuwa wasan ne kawai, ta zauna a gefe da saƙarta.

Washegari da safe ina shara a tsakar gida, Kawu na zaune yana ɗaura takalmi. Akwai bishiya a jikin katangarsu, ƙananan tsuntsaye sun cika ta da surutu kamar kullum. A kicin kuma butar shayi ta fara fito. Anti tana tsaye kusa da ita, ta ƙi saukewa. Butar ta yi ta fito har na ji kunnena zai fashe, Kawu ko gezau.

Anti ta fito ta tsaya gabansa. “Maigida, kwanaki ka ce tsuntsaye sun bar unguwar nan?”

“Sun gudu mana. Tun da aka yi benen can.”

“Ɗaga kai ka duba.”

Ya ɗaga. Suna nan birjik, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Ya daɗe yana kallo. Sai ta nuna masa ƙofar kicin, inda tururi ke fita daga bakin buta kamar zare. Ya dubi butar, ya dube ni. Ban san me ya gani a fuskata ba, na dai tuna na riƙe tsintsiya da hannu biyu.

“Tun yaushe take yi?” ya tambaya.

“Tun kana ɗaura ƙafar dama.”

Bai je shago ba ranar. Ya shiga ɗaki ya rufe, ba mu ji motsinsa ba har rana ta yi tsaka. Da ya fito, jita na rataye a kafaɗarsa, sifika a hannu. Ya dire ta gaban keken ɗinkin Anti.

“To, gwanar kunne. Murɗa.”

Ya fara kaɗawa, ita kuma ta riƙa dawo da maɓallin kaifi baya a hankali, kamar mai neman tasha a rediyo. Can sai sauron nan ya fita daga gwangwani, babbar motar ta dawo.

“Nan,” in ji Anti.

“Nan? Haba! Kamar ina kaɗawa cikin bargo.”

“A wajenka. A wajenmu, wannan ne mutumin da na aura.”

“Ashe kina saurare? Na ɗauka saƙa kike.”

“Da hannu ake saƙa, Tartsatsi, ba da kunne ba.”

Ta buɗe akwatin kekenta ta ɗauko kwalbar jan farce, ta ɗiga a daidai wurin.

Ran Asabar na zauna kusa da ita. Mai ganga sai satar kallon sifikar yake. Waƙar farko ta wuce, ta biyu ta wuce, na ga kanikawa na duban juna. Da aka zo wurin kiɗin Kawu shi kaɗai, sai na ga fuskarsa ta canza. Yana kaɗa abin da shi bai ji daɗinsa ba, a gaban jama'a, kuma maɓallin na nan kusa da gwiwarsa. Hannunsa na dama ya bar tsirkiya ya nufi sifikar. Anti ta ajiye saƙarta a cinya. Hannun ya tsaya a iska. Sai ya komar da shi, ya kaɗa har ƙarshe, wannan karon idonsa a buɗe, yana karanta fuskokin mutane. Kafin a tashi, tsohon malamin ya jawo kujerarsa gaba.

Kawu ya ci gaba da wasa da ƙungiyar shekaru masu yawa bayan haka, maɓallin bai sake wuce ɗigon ba a bainar jama'a. Ya fara toshe kunne a shago, ya kuma tilasta wa duk masu walda na layin, ko da yake abin da ya tafi bai dawo ba. Na taɓa tambayarsa ko ya saba da sabon sautin. Ya ce, “Ina fa, 'yata. Bargo ne har gobe. Su dai nake kallo in san ya yi.”

Amma ranar Lahadi da hantsi, Anti takan ɗauki mayafinta ta ce za ta gaida mahaifiyata. Tana fita, Kawu zai rufe tagogi, ya murɗa maɓallin har bango, ya yi wa kansa kiɗi na ɗan lokaci. Maƙwabta sun yi ta ƙorafi, har suka gaji suka riƙa tsara fitarsu daidai da ta Anti. Kafin ta dawo kuwa, ya mayar da maɓallin kan ɗigonta.

A kan ɗigon yake ranar da Anti ta miƙo mini sifikar, ta ce, “Ke ce mai ajiya.” Ban taɓa murɗa shi ba.