Akwatin katakon da na taho da shi daga Porto

Shekarun baya, kafin zuwan korona, ina aiki da wani kamfanin jigilar kaya a Al Quoz, cikin Dubai, muna zaune ni da abokina a wani ɗan gidan haya a Satwa, saman shagon wani tela. A lokacin maganar aurena ta yi nisa. Yarinyar tana Kano, manya sun gaisa, saura danginta su gama bincike a kaina a sa rana. Ni kuwa binciken ko a jikina, don a ganina babu abin da za a tono. Mutumin da ko shisha ba ya sha.

Sai kamfani ya tura ni Porto, a ƙasar Portugal, in duba wasu kwantenonin tayil da suka maƙale. Abokan aikina har ƙyashi suke yi, wai gari ne na giyar inabi da holewa, ba a barci a bakin kogin. To ni dai abin da na gani ruwan sama ne da hawan tudu. Da wuri nake kulle kaina a ɗaki, ina jiyo kiɗansu daga nesa ina cin dabino. Abincinsu ma tsoronsa nake ji, kifi da burodi na yi ta ci har na ƙosa.

Mai kamfanin tayil ɗin wani dattijo ne, ya riƙe ni kamar ɗansa. Shi ya nemo min masallaci ranar Juma'a, ya zauna a mota yana jirana har aka idar. Ranar da zan taho ya miƙo min wani akwatin katako da hannu biyu, kwalbar giyar inabi ce ɗaya a ciki. Ya ce daga gonar marigayi mahaifinsa take, ya san ba na sha, amma ba shi da abin da ya fi ta daraja a wurinsa. Idonsa har ya ciko. Ku gaya min, a tarbiyyar da aka yi mana, ta ina ake mayar wa dattijo kyautarsa? Na karɓa, har da rusunawa.

A filin jirgi na tsaya gaban kwandon shara na kasa jefawa. Na ce bari in kai wa wani abokin aikina ɗan Filifin. Na iso Dubai na tarar ya tafi hutu ƙasarsu, sai na tura akwatin saman kabad, bayan bargo, na manta da shi.

Ana nan sai kawun yarinyar ya zo sarin turare da abaya. Shi ne mai faɗa a ji a gidansu, kuma kowa ya san zuwan nan har da ganin yadda nake zaune. Ni da rawar kai na hana shi sauka a otal, na bar masa ɗakina na koma falo. Na raka shi kasuwar Deira, na haɗa shi da masu kago da za su aika masa da kayan gida, har tsokanata yake yi yana ce min angon gobe. Wata safiya ya ce sanyin na'urar ɗakin yana damunsa. Na ce ai akwai bargo a saman kabad, na fice aiki. Da bakina na faɗa.

Da na dawo na tarar ya haɗa kayansa, wai wani amininsa ya matsa sai ya koma wurinsa. Ya yi godiya, ya sa min albarka, amma bai yarda mun haɗa ido ba. Ban kawo komai a raina ba.

Bai daɗe da komawa ba aka aika wa mahaifina cewa a ɗan dakata tukuna. Daga dakatawa sai aka dawo da kayan gaisuwa, babu dalili sai "Allah bai yi ba". Ita tana kirana tana kuka, tana tambayar me na yi wa kawu, don abin da aka ce mata kawai shi ne an rufa min asiri. Na yi ta rantsuwa ban sani ba, kuma gaskiyata ce. Abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da mahaifiyata ta sassauta murya a waya ta ce, "Ni ce na haife ka. In akwai abin da kake yi a can, ka faɗa min." Ban taɓa jin ɗacin magana kamar wannan ba.

Sai bayan an ɗaura mata aure da wani, muna kwashe kaya za mu canza gida, abokina ya janyo akwatin. Marfin a buɗe yake, ni kuwa ban taɓa buɗe shi ba. Ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "Halas, shi ke nan, mutumina. Ga amsarka nan." Na zauna a ƙasa. Shi ya tsiyaye giyar a banɗaki, kuma shi ya nemi kawun daga baya ya warware masa komai, ba da sanina ba.

Na sake haɗuwa da kawun a Deira, a ƙofar wani masallaci. Na durƙusa zan gaishe shi ya riƙo hannuna, ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Ɗana, ka yafe min. Wallahi nauyin tambayarka na ji. Ina kwana a gadonka, ina cin abincinka."

Na ce babu komai, Baba, to me zan ce? Ni na ji kunyar wani dattijo, shi ya ji kunyata, kowa yana ganin mutunci yake kiyayewa. Har yanzu ina ganin kunya abu ne mai kyau, amma na daina barin ta ta yi magana a madadina. In abu ya ɗaure min kai game da mutum, tambayarsa nake yi ko da zai ji haushi.

Yanzu ina da iyalina, alhamdu lillahi, ita ma na ji tana da yara. Kawun ya ce zai gaya mata gaskiya, na roƙe shi ya bari. Gara ta ci gaba da ɗauka an tsamo ta daga hannun mugu, da ta san a banza aka raba mu.