Rashin Baba Mai Kunne, Likitan Sifika

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da misalin ƙarfe goma na safe, ina wurin aiki 'yarku ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba. "Baba ya tafi," kawai ta ce, sai kuka ya ci ƙarfinta. Wanda Ya ba mu ku Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. Na faɗa wa masu zuwa gaisuwa haka sau ba adadi, amma Baba, har yau zuciyata ta ƙi kwanciya.

Mutanen layinku da Mai Kunne suka san ku. Shekara arba'in da 'yan kai kuna gyaran rediyo da sifika a wannan ɗan shagon da ba ya ɗaukar mutum uku, mai warin dalma, da gwangwanayen madara cike da sukurori. Ni kuwa a wurina mahaifin matata ne ku, kuma da farko shakkarku nake yi, don ba ku da yawan magana.

Wata biyu da aurenmu kuka zo ganin gidan 'yarku. Na kunna muku manyan sifikun nan biyu da na gada daga mahaifina, ina ta ji da kaina. Kuka karkatar da kai kuka saurara, ko minti ɗaya ba a yi ba kuka ce, "Ɗana, sifikun nan naka mura suke yi." 'Yarku ta ruga kicin tana dariya. Ni kuwa na ɓata rai, na ce kayan marigayi ne, ba na son a taɓa. Kuka ce, "To, madalla." Shekara shida ba ku sake tayar da zancen ba, alhali duk zuwan da za ku yi sai na ga kuna satar kallonsu kamar likita ya ga mai tari.

Sai mahaifiyata ta kwanta da shanyewar ɓarin jiki, muka dawo da ita gidanmu. Ta daina cin abinci, ta daina kula kowa. A cikin kayanta muka tsinci wani tsohon kaset, saƙon da mahaifina ya aiko mata lokacin yana aiki a nesa. Na kunna mata shi a sifikun nan cike da murna. Muryar ta fito a dushe, kamar mai magana da bargo a baki. Ta saurara kaɗan, ta juya fuskarta bango, ta ce, "Ba shi ba ne."

Ranar na ajiye girman kaina na zo shagonku. Ba ku tuna mini da komai ba. Kuka rufe shago da rana tsaka, kuka ɗauki jakar kayan aiki kuka biyo ni.

Da kuka kwance bayan akwatin sifikar, kuka nuna mini wani ɗan allo da bai fi tafin hannu ba. Kuka ce shi ne mai raba sauti: ya tura mai kauri ga babbar sifika, ya tura siriri ga ƙaramar da ke sama. "Sifikun lafiyarsu ƙalau," kuka ce. "Mai rabon ne ya tsufa." Kafasitocin da ke jikinsa, 'yan ƙanana kamar batir, sun bushe, shi ya sa siririn sauti ba ya isa inda aka aike shi. Kwana uku kuna zuwa. Kuka cire tsofaffin kuka liƙa sababbi masu inganci, kuka canza naɗin wayar da ke kan allon da wata mai kauri wadda kuka naɗa da hannunku, leɓenku na motsi kuna ƙirga zagaye. Tsofaffin kuma ba ku zubar ba. Kuka ƙulle su a leda kuka miƙo mini, kuka ce, "Ajiye, na mahaifinka ne."

Da aka sake kunna kaset ɗin, muryar ta fito tas. Har gyaran muryar da mahaifina yake yi kafin ya fara magana na ji. Mahaifiyata ta juyo a hankali, hawaye na bin gefen fuskarta, ta amsa gaisuwarsa kamar yana zaune a bakin gadon. Da aka gama ta ce a ba ta shayi. Na waiwaya in yi muku godiya, ashe kun riga kun tattara kayanku kun sulale. Shekara biyu ta ƙara a duniya, kullum da safe sai ta ji muryar.

Daga nan na zama ɗan gida a shagonku duk Asabar. A nan na gano abin da kuke ɓoye wa kowa. Wata rana na ga kun ɗora 'yan yatsu a kan ƙaramar sifika, kun runtse ido, kuna neman sautin da hannu. Na kira ku sau biyu daga baya, ba ku juyo ba. Da muka haɗa ido kuka yi murmushin da ya fi kuka ciwo, kuka ce, "Nawa mai rabon ma ya tsufa, kuma ba a sayar da irinsa." Kuka roƙe ni kada in faɗa wa 'yarku. Tun daga ranar ku ke liƙawa, ni ke saurare. "Me ka ji, ɗana?" In ce ya yi kaifi, ku rage. In ce ya dushe, ku ƙara. Masu kaya suna ta yabon kunnenku, mu biyu muna sunkuyar da kai.

A 'yan watannin nan kuka fara haɗa wa Mama, matarku, nata sifikun. Ta sha yi muku tsiya, wai kun gyara na duniya duka, ita kuma rediyonta sai an mare shi yake magana. Kun gama guda ɗaya. Asabar ɗin ƙarshe kuka kira ni in zo mu gwada na biyun. Ba wani uzuri gare ni ba, Baba, gajiya ce kawai. Na ce mu bari sai mako mai zuwa. Kuka ce, "Ba komai, Allah Ya kai mu."

Bai kai mu ba.

Kwana uku bayan an kai ku makwanci, Mama ta ba ni makullin shagon. Na tarar da akwatin sifikar ta biyu a buɗe a kan tebur, allon yana gefe, kafasita biyu a jere kuna shawarar wadda za ku liƙa. A ƙarƙashinsu da 'yar takarda, da rubutunku mai karkata: "Sai ɗana ya zo ya ji." Na zauna a kujerarku na yi kukan da ban yi ba ranar da na rasa mahaifina. Ga ni na zo, Baba. Ban san wacce kuka fi so ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da matata da 'yan uwanta, da jikokinku, da maƙwabtan shago da har yanzu suke leƙowa in sun manta. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Ya Ubangiji, wannan bawa naKa ya yi aikinsa da gaskiya, ya rufa asirin mutane, bai taɓa goranta alheri ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ni kuma, Baba, ku yafe mini Asabar ɗin nan. Allah Ya jiƙanku, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.