Kuskuren da Farfesa Bimal Bai Gyara Ba

Duk wanda ya zauna a benenmu na Silver Spring ya san jan biron Farfesa Bimal. Ko shara zai fita zubarwa, yana nan maƙale a aljihun gaba. Ɗan Bengali ne daga Kolkata. A can ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da adabin Turanci, ya zo Washington ya ɗora, har ya rubuta littattafai a kan mawaƙan Ingila da suka mutu tun ba a haifi kakanninmu ba. Shi dai ya yi ritaya, amma biron bai yi ba.

Manajan bene ya taɓa manna sanarwa cewa lifta ta lalace. Kafin rana ta yi tsaka, takarda ta sha ja. Manaja ya ce, "Farfesa, lifta ce matsalar, ba rubutun ba." Ya ce, "Lifta ba fannina ba ce. Ina waƙafi?" Ni ma ban tsira ba. Katin Kirsimeti na ba shi, washegari ya dawo mini da abina: "Sista Hannatu, na gode ƙwarai. Shida bisa goma."

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce ya tsufa. Gashin nan baƙi wuluk, kowa ya san rini ne na kwalba. Wata baiwar Allah ta tashi ta ba shi kujera a jirgin ƙasa na Red Line, ya ƙi zama, ya tsaya ƙyam har tashar Takoma yana huci. Na ce, "Ai sandarka ta gani." Ya ce, "Wannan ta ado ce!"

To, 'ya'yana mata biyu, Rifkatu da Ladi, tun suna ƙanana nake ce musu, "Ku gaida Kaka." Ranar da ya fara ji, baki har kunne. Ashe a yarensu kaka ƙanin uba ne! Ya dubi maigidana Bitrus, wanda a haife Farfesa ya haife shi, ya ce, "Ka ji? Yara sun san wane ne ƙarami a cikinmu." Na buɗe baki, Bitrus ya taka mini ƙafa. Daga ranar duk Hausawan bene muka haɗa baki, kada wanda ya faɗa masa. Mutum ne ba mata, ba ɗa, mu ne nasa. Tsorona kullum kada ya gane tsoho muke ce masa, ya yi fushi ya rufe wa yarana ƙofa.

Da ciwo ya kwantar da shi, muka je duba shi a asibiti da yaran, lokacin sun zama 'yan mata. Gashi ya fito fari fat. Ladi, da bakinta ba ya shiru, ta ce da Turanci, "Yanzu kam ka yi kama da kaka na gaske." Na harare ta. Shi kuwa dariya ya yi har da tari.

"Sista, tun makon farko na duba ƙamus. Ni za a ɓoye wa kalma?"

"Kai, Farfesa! To me ya sa ka yi shiru duk shekarun nan?"

"Ni kaɗai na zo ƙasar nan, na wayi gari da jikoki biyu. In ma kuskure ne, wannan ba a sa masa jan biro."

Biron yana hannun Rifkatu yanzu, kuma ni take gyara wa. Ina kewarsa ba kaɗan ba. Allah ya ba Kaka hutawa, ya saka masa da alherin da ya yi wa yarana. Amin.