Ƙasar da Mama Ta Yi Jinya

Yayana ya yi ritaya daga aikin malamin gona ba tare da kanta ko ɗaya a tafin hannunsa ba. Noman da ya sani na takarda ne, sai kuma tsayawa a bakin gona da hannu a aljihu yana nuna wa 'yan ƙwadago aiki da leɓe. Da ya dawo ƙauyenmu a gindin duwatsun Kagoro, sai ya shiga noman citta, ya sayo famfon feshi shuɗi yana ji da shi kamar mota. A coci kuma aka ba shi muƙamin dattijo, don a wurinmu wanda ya iya doguwar addu'a da Turanci ba ya rasa kujerar gaba.

Mamanmu tana da lambu a bayan gida, kusa da rijiya. Tun rasuwar Baba, shi kaɗai ne abin da take kira nata. Wake, gauta, yakuwa, karkashi da makani, duk a ɗan wurin da bai fi ɗaki huɗu ba. Ni ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, ranar Asabar nake hawa bas in je in gan ta, kuma ban taɓa komawa da jaka wayam ba.

A bakin wannan lambu Yaya ya ga ya dace ya riƙa wanke famfonsa, tunda ga ruwa kusa. Damina uku yana yi. Ragowar maganin ciyawa da ya kwanta a gindin galan ma nan yake tuttulewa, irin mai hana komai tsirowa. Mutumin da ya yi shekaru yana tara manoma yana karanta musu abin da aka rubuta a jikin kwalba ke nan. A damina ta huɗu wake ya fito, ganyen ya nannaɗe, ya yi rawaya, ya bushe. Gauta ko kai ba ta ɗaga ba.

Yaya ya zo ya tsaya a kan kunya, ya shura ƙasar da takalmi. "Mama, ƙasan nan ya mutu," in ji shi. "Sayans ne, ba za ki gane ba." Bai ce shi ya kashe ta ba, wai gajiya ta yi. Nan take kuma ya fito da abin da ya daɗe yana dafawa a ciki: zai gina ɗakunan haya a wurin. Na ji kamar in tofa masa yawu.

Mama ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya ba ta shekara guda, in wake ya fito lafiya ya bar mata lambunta. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda, ya nuna ni ya ce ga shaida, kuma shi dattijon ikilisiya ba ya magana biyu.

Da fatanya ta kankare saman ƙasar, ta tara gefe. Sannan ta fara jera tsibi: ƙasar nan kaɗan, kashin alade a kai, ƙaiƙayin acca, ɓawon gyaɗa, ɗanyen ganye, toka, dusar burkutu da take roƙowa a maƙwabta, sai kuma wata ƙasar. Ta yayyafa ruwa, ta rufe da ganyen ayaba. Duk mako biyu sai ta juya tsibin gaba ɗaya, tsohuwa mai ciwon gwiwa. In Asabar ta faɗo a kan ranar juyi nakan kama mata, ina yatsine fuska, don gaskiya wari ba ya tsoron malama. Wata rana ta kama hannuna ta cusa cikin tsibin. Zafi na ji kamar tuwon da aka sauke yanzu, tururi na tashi. Ta ce abin da ke cin kashin alade har ya mai da shi ƙasa, shi zai cinye dafin ma, a dai ba shi ruwa da iska da lokaci.

Daga baya na karanta cewa haka abin yake: ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke warware irin wannan magani a cikin taki. Na gaya wa Yaya. Ya ce ai shi ya koyar da wannan a taron bita tun ina 'yar firamare. Duk da haka bai taɓa ɗaga shebur ba. Aikinsa shi ne toshe hanci da hankici in ya zo wucewa, da ba baƙi haƙuri, wai tsufa ne ya fara taɓa Mama.

Ita kuwa tana da hanyar gwajinta. Kowane wata takan ɗebi ƙasa daga tsakiyar tsibin ta cika gwangwanin madara, ta shuka wake uku, ta ajiye a kan taga. Na farko ba su tsiro ba. Na gaba suka tsiro a karkace, suka mutu. Ta ci gaba da juyi duk tsawon rani, tana jan ruwa a rijiya tana shayar da tsibin. Wajen Ista, wake uku suka miƙe kore shar, ganye a buɗe. Da muka tona tsibin, ƙasar ta zama baƙa wuluk, tana warwarewa a hannu, ga tsutsar tana ko'ina.

Da ruwa ya sauka ta baza ta a lambun, ta shuka. Waken shekarar nan sai da ya hau katanga. Yaya ya ci faten wakensa kwano biyu yana gumi. Ranar godiyar girbi ya miƙe a gaban ikilisiya ya ba da shaida, wai a gidansu sun warkar da matacciyar ƙasa ta hanyar zamani, duk mai son shawara ya same shi. Aka tafa masa. Mama na zaune a layin zumuntar mata, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan Kirsimeti na kawo ta Kafanchan aka yi mata aikin yanar ido, ta yi mako uku a wurina. Ranar da na mai da ita gida, muka sauka daga babur muka zaga baya. Ba lambu. An haƙa harsashin gini, bulo a jere, jar ƙasa a waje. Baƙar ƙasar kuwa an kwashe ta tas, ko cikin kwano ba a bari ba. Yaya ya sa an loda ta a baro an kai gonar cittarsa.

Ya fito yana gyara zaman tabarau. Ya ce ai ya cika alkawari, ya bar ta ta girbe wakenta. Wai kuma bai kamata a danne irin wannan ƙasa mai kyau da siminti ba, asara ce. Ni da aka kira shaida, na buɗe baki na ce, "Haba, Yaya," daga nan ban ƙara komai ba. Har yau ina jin kunyar wannan.

Mama ta daɗe tana duban ramin da idon da aka buɗe mata. Sannan ta juyo ta dube shi.

"Wato ka san ƙasan ya warke," ta ce.

Ya zaro wayarsa daga aljihu ya shiga latsawa.